Kainji: Inda Kogin Kwara Ke Yi Wa Ɗalibin Injiniya Karatu

Matafiyin da ya bar Mokwa ya nufi Sabuwar Bussa a Jihar Neja zai daɗe yana ratsa daji da gonakin doya da dawa, sa'an nan ya fara hango manyan turakun ƙarfe sun jeru, ɗauke da wayoyi masu kauri. In ya bi su da ido, za su kai shi madatsar ruwa ta Kainji. Hanyar mota ta bi ta kan madatsar ne, saboda haka a hannu ɗaya zai ga tabki shimfiɗe har iyakar ganinsa, a ɗaya hannun kuwa zai leƙa ƙasa ya ga kogin Kwara yana fita da kumfa, ya ci gaba da tafiyarsa zuwa Jebba.

An fara ginin madatsar a 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969. Tsayinta ya kai mita 65, ruwan da ta tare kuwa ya yi baya wajen kilomita 135 har ƙasar Yawuri. Wannan ruwa ne ya haɗiye tsohuwar Bussa, tare da duwatsun da Baturen nan Mungo Park ya halaka a kansu a 1806. Fiye da mutum 40,000 aka tasa, Bussawa da Kambari da Gungawa da sauransu, aka gina musu sababbin gidaje masu rufi kamar baka, waɗanda har yanzu ana ganin waɗansunsu. Duk wanda ya kunna fitila da wutar Kainji, bashin mutanen nan yana kansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Cikin baƙin da garin ke karɓa akwai waɗanda ba yawon buɗe ido ya kawo su ba. Su ne ɗaliban injiniya masu zuwa koyon aiki, kowanne da littafin da zai riƙa rubuta abin da ya yi kowane mako. Asalin abin kuwa, a 1971 aka kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, shi kuma ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, domin masu masana'antu sun yi ta kukan cewa jami'o'i suna turo musu masu takardar shaida waɗanda ba su taɓa riƙe sufana ba. Ɗalibin jami'a mai karatun shekara biyar yakan fita wata shida a shekararsa ta huɗu. Na kwalejin fasaha yakan yi shekara guda cur tsakanin ƙaramar difloma da babba. A Ingila ma jami'o'i da yawa shekara guda suke bayarwa. A nan gida kuwa, ɗan jami'a ba ya samun kusan haka sai da tsautsayi, kamar yajin aikin malamai na wata takwas a 2022, wanda in ya tarad da mutum a wurin koyon aiki, masu wurin kuma suka yarda, sai ya zarce.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin ilektironik, wanda ya saba da ƙananan na'urori da dalma da ƙarfen liƙi, da injin da ya fi ɗaki girma? Amsar tana cikin akwatunan ƙarfe da ke jere a bayan injunan. An tsara gidan wutar don injuna 12, amma takwas aka kafa: huɗu masu megawat 80 tun farko, biyu masu 100 a 1976, biyu masu 120 a 1978, jimla 760. Kowannensu tilas ya juya daidai yadda wutar za ta buga sau 50 a daƙiƙa, tare da dukan sauran injunan ƙasar nan. In Ikko da Kano suka ƙara jan wuta, injin zai nemi ya yi sanyi. Nan take wata na'ura da ake kira gwamna za ta ji, ta ƙara buɗe ƙofofin da ruwa ke bi ya bugi farfela. Wannan gwamna ba ya barci, ba ya kuma jiran shawarar kwamishina. Wata na'urar tana kula da ƙarfin wutar, waɗansu kuma, da ma'aikata ke kira rile, aikinsu gadi ne: da zarar waya ta tsinke ko tsawa ta faɗa kan layin nan mai bolt 330,000, sai su yanke shi kafin mutum ya ƙifta ido. Duk wannan aikin ilektironik ne.

Makonnin farko ɗalibi kallo ne nasa. A gidan wuta ba a taɓa kome sai da takardar izini, sai an kashe, an kulle, an rataya alama. Tsofaffin ma'aikata sukan kira shi Injiniya cikin zolaya, alhali kuwa mita kawai yake riƙe musu, shi kuma ya amsa da Oga. Sannu a hankali sai ya fara gane abin da allon aji bai nuna masa ba. Alal misali, na'urar da ke auna zafin injin tana aika saƙonta da wuta 'yar kaɗan, daga miliamfa 4 zuwa 20. Don me ba a fara daga sifiri ba? Domin in aka ga sifiri, a san cewa waya ce ta katse, ba injin ne ya huce ba. Ɗalibin da ya yi yini guda yana bin irin wannan waya cikin zafin watan Afrilu ba zai ƙara mantawa ba. Zai kuma shiga ɗakin batura, inda ake ajiye wutar da na'urorin gadi ke rayuwa da ita ranar da wutar ƙasa duka ta ɗauke.

Babban malami a Kainji dai kogin ne, shi kuwa zangon karatunsa shekara ce. Sau biyu ruwa ke zuwa. Na fari shi ne farin ruwa, wanda daminar ƙasar Sakkwato da kewaye ke turowa daga Agusta zuwa Oktoba, gurɓatacce kamar an dama koko. Na biyu shi ne baƙin ruwa. Wannan a duwatsun Futa Jalon na ƙasar Gini ya sauka, ya ratsa Mali, ya yi watanni yana yawo cikin fadamun Masina inda yake zubar da laka, ya wuce Timbuktu da Yamai, sa'an nan ya iso Kainji garau daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ya busar da kome. Daga nan tabki ya shiga ja da baya har tsakiyar damina. In ruwa ya yi ƙasa, nauyin da yake faɗowa da shi kan farfela ya ragu, wutar da injin ke bayarwa ta ragu, yadda ake tafiyar da gidan ma ya sake.

A nan ne wata shida ke nuna kasawarsa. Wanda ya zo a Afrilu ya koma a Satumba ya ga tabki yana janyewa, ya ga farkon farin ruwa, amma baƙin ruwa sai labari. Wanda ya zo da kaka ya tafi da bazara bai san gidan wuta cikin ƙarancin ruwa ba. Kuma a daidai lokacin da aka fara yarda da shi, aka bar shi ya gwada rile da hannunsa, a lokacin ne jami'a ke kiransa. Kamfanin Mainstream da ya karɓi gidan wutar a 2013, da sauran gidajen wuta irin su Jebba da Shiroro, duka cikin waɗannan yara za su nemi ma'aikatan gobe. Ya kamata hukumar jami'o'i ta sake duba wannan lissafi.

Da yamma, in an tashi aiki, ɗalibai sukan gangara bakin tabki, inda Sarkawa ke fitowa da kwale-kwale, mata suna banda giwan ruwa da tarwaɗa. Masuntan nan ba su da mita, amma da launin ruwa suke sanin wanda ya iso. Daga nan ana hango layin da ya miƙa arewa zuwa Birnin Kebbi, inda ake ɗebar wutar da ake sayar wa Jamhuriyar Nijar. An yanke ta a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Yamai, aka mayar a 2024. Duk tsawon watannin nan kogin bai fasa bi ta Yamai yana gangarowa Kainji ba.