Illela Zuwa Ƙonni: Inda Dokar ECOWAS Ke Taka Ƙasa

Mai son ya auna ƙarfin dokar ECOWAS ba sai ya je hedikwatarta a Abuja ba. Ya shiga mota a Sakkwato ya miƙi arewa, ya bar Kware da Gwadabawa a baya, kafin ya gaji da zama ya iso Illela, garin ƙarshe kafin ƙasar Nijar.

Illela gari ne da bai san shiru ba. Tireloli sun yi layi a gefen titi, yaran mota sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu. Warin albasa ya gauraye da na fetur da na awaki. 'Yan canji na zaune da damin naira a hannu ɗaya, sefa a ɗaya, 'yan acaba kuma na kiran fasinjan Ƙonni kamar wata unguwa ce a bayan kasuwa. Kusan hakan ne ma. Tazarar 'yan kilomitoci ce, Hausar ɗaya ce, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da suruki ko ɗan uwa a ƙetare. A kan takarda, wannan kai da kawo ya ginu ne kan yarjejeniyar 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Mutanen nan sun riga takardar, amma ita ce ta hana a kira su baƙi.

Ƙungiyar da ta buɗe ƙofar ita ce kuma ta rufe ta. Sojoji sun kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka ba da umarnin rufe iyakoki da tsayar da ciniki, Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Direbobi a nan ba sa mantawa da watannin: kaya suka lalace a kan mota, farashin abinci da magani ya yi sama a Ƙonni, hanyoyin daji suka cika da babura.

Tambayar da ta dami masana shari'a ita ce, da wane iko? Yarjejeniyar 2001 kan dimokuraɗiyya ta haramta karɓar mulki da bindiga, babu gardama. Amma hukuncin da sashe na 45 ya jera shi ne ƙin mara wa 'yan takarar ƙasar baya a hukumomin duniya, ƙin yin taro a cikinta, da dakatar da ita daga zauren shawara. Rufe iyaka ga mai buhun gero ba ya cikin wannan jeri. Da sojojin Yamai suka kai ƙara kotun ECOWAS suna neman a sassauta, kotun ta ce a Disamban 2023 gwamnatin da ba ta hau bisa tsarin mulki ba, ba ta da bakin magana a gabanta. A ganina kotun ta kare ƙa'ida, amma ta bar mai shago a Ƙonni ba shi da wanda zai yi magana da yawunsa. Bayan mako guda ta ba da umarnin a saki Bazoum a mayar da shi kan kujera. Babu wanda ya motsa.

Ta ɓangaren Nijeriya ma an ci karo da bango. ECOWAS ta yi barazanar tura dakaru, Bola Tinubu ne shugabanta a lokacin, amma sashe na 5 na tsarin mulkin 1999 ya hana a fitar da soja yaƙi wata ƙasa sai da yardar Majalisar Dattawa. A watan Agusta sanatoci suka ce a bi hanyar sulhu, waɗanda suka fi ɗaga murya kuwa na jihohin kan iyaka ne. Kada kuma a ɗauka Abuja ba ta taɓa taka yarjejeniyar 1979 ba: daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 gwamnatin Buhari ta rufe wannan iyakar saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba tare da ta jira izinin kowa ba.

Da ka wuce duwan ka shiga Ƙonni, gari ya ɗan sake kama. Allunan shaguna da Faransanci, jandarmomi, burodi dogo a kan teburin mai shayi, ga babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi ta ratsa gari, wadda ke kawo albasar Galmi. A yankin nan ne shari'ar da ta fi kowace ɗaga sunan kotun ECOWAS ta samo asali. An sayar da Hadijatou Mani a 1996 tana da shekara 12, ta zama wahaya, wato ƙwarƙwara. Da ta sami takardar 'yanci ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta da laifin aure kan aure. Ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta tsaya mata, kuma saboda gyaran 2005 da ya ba talaka damar kai ƙasarsa ƙara kai tsaye, maganar ta kai gaban alƙalan ECOWAS. A Oktoban 2008 suka ce Nijar ta gaza kare ta daga bauta, suka yanka mata diyyar sefa miliyan 10. Gwamnatin ta biya. Kotu ɗaya, doka ɗaya. Bambancin 2008 da 2023 shi ne a wancan karo masu mulki sun ga dama.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyaka ta buɗe a Maris, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa tun Janairu, suka ce nan take. ECOWAS ta ce sashe na 91 na yarjejeniyar 1993 ya wajabta sanarwar shekara guda, don haka ta lissafa fitarsu daga 29 ga Janairun 2025. A ranar ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida masu tambarinta, a kuma bar mutane da kaya su wuce har sai an sake shawara. Ciniki tsakanin Illela da Ƙonni yanzu a kan wannan sanarwa yake tafiya, wadda taro ɗaya zai iya janyewa. Ita kuwa macen da aka zalunta yau a ƙauyukan Ƙonni, ƙararta ba ta kai wa kotun ECOWAS.