Doya da Bindiga a Kpandai

Mun bar Salaga da asuba, muka ƙetare kogin Daka, muka iso Kpandai, garin doya. A gindin mangwaro muka tarar ana gardama. Wani dattijo ya ce bindiga gado ce, da ita ake farauta da gadin gona. Abokinsa ya tuna masa faɗan Nawuri da Gonja na 1991 a garin nan, da Yaƙin Zabo na 1994 da ya ƙone ƙauyuka har kewayen Yendi. Dokar 1972 ta wajabta lasisin bindiga, amma ko dokar hana fita ba ta tsayar da harbi a Bawku ba. Mu 'yan zango kasuwa ce gonarmu, ranar harbi kuwa kasuwa ba ta ci.