Kibiya Nawa Cikin Sakan Shida?

Cikin wasannin da Turawa suka ƙago akwai wani wanda ba ya bukatar fili ko lantarki, sai tebur da takarda da mutum huɗu ko biyar masu son labari. Sunansa Dungeons & Dragons, Faransawa kuwa na ce masa Donjons et Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su suka fitar da shi a 1974. Mutum ɗaya ke jan labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama bakinsa. In aka zo inda ba a san yadda za ta kaya ba, sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20, a haɗa abin da ya fito da lambar gwanintar jarumin, a gani ko ya dace.

Shekara uku ke nan ina jan wannan wasa ga ƴan ƙungiyar karatu ta makarantarmu, ranar Laraba da marece. Muna amfani da fassarar Faransanci ta bugun da ake kira 3.5, wanda ya fito a 2003. Yawancin yaran ɗan baka suke zaɓa, ban kuwa yi mamaki ba: takobin Bature da sulkensa baƙi ne gare su, amma baka da tsarkiya da kwari kalmomin gida ne. Gardamar da ta fi kowace tsawo a teburinmu a kan ɗan baka ta tashi, ita nake son in shimfiɗa wa ƴan'uwana malamai, domin na ga a cikinta abin da ya shafi aikinmu.

In faɗa ya kaure a labari, dokar wasan tana yanka lokaci zagaye-zagaye, kowane zagaye sakan 6. Cikin wannan ɗan lokaci jarumi yana da zaɓi biyu. Ko ya yi aiki sassauƙa guda ɗaya ya haɗa da tafiya, ko ya yi aiki cikakke wanda ke cinye zagayen duka, ba ya samun komi bayansa sai taki ɗaya na mita ɗaya da rabi. To, akwai gwanintar harbi iri biyu da ɗan baka ke iya koya. Ta farko, Tir rapide, mu muka raɗa mata Harbin Gaggawa: tana ƙara masa harbi ɗaya, amma a rage maki 2 daga kowane harbi na zagayen. Ta biyu, Feu nourri, muka ce mata Tagwayen Kibau: ya ɗora kibiya biyu kan tsarkiya ya saki tare, a kan abokin gaba guda wanda bai wuce mita 9 ba, a rage masa maki 4.

Wani yaro ɗan aji uku na kolej, da jaruminsa ya kai mataki na 6 ya mallaki dukansu biyu, ya zauna ya yi lissafi. Jarumi a wannan mataki yana da harbi biyu, Harbin Gaggawa ya mai da su uku, Tagwayen Kibau kuwa, in ji shi, za ta ninka kowane ɗaya, ga kibiya 6 cikin sakan 6. Hujjarsa ba ta banza ba ce, domin littafin da kansa ya hana a koyi ta biyu sai an riga an koyi ta farko. Yaya za a ce sai ka hau wannan tsani kafin ka kai wancan, sa'an nan a hana ka taka su tare?

Amsar tana ɓoye cikin ƴan kalmomi. Dokar Harbin Gaggawa ta ɗora sharaɗi cewa sai an yi aiki cikakke. Dokar Tagwayen Kibau tun farkon jimlarta ta faɗi cewa ita kanta aiki sassauƙa ce. Zagaye ɗaya ba ya ɗaukar nau'in biyu, taura biyu ba ta taunuwa. Saboda haka ɗan baka ko dai ya kafe wuri ɗaya ya yi harbi uku, kowane da jifarsa ta ɗan ludo, ko ya saki kibiya biyu da jifa guda, su sama tare ko su kuskure tare, sa'an nan ya ruga bayan dutse kafin dodo ya iso.

Ban yanke musu hukunci ba ran nan. Na ce su juya dokokin biyu zuwa Hausa, kowa a takardarsa. Yaran da ke hamma in na ba su shafi ɗaya na adabi, sai ga su sun kusan awa guda a kan layi shida na Faransanci, suna jayayya ko “kuma” ya dace a nan ko “ko”. Wata yarinya ce ta warware ta da kalma ɗaya. Ta rubuta cewa mai son harbi na uku sai ya tsaya. Wannan “sai” namu na tilas ya ɗauki nauyin da Faransanci ya bukaci rabin jimla kafin ya ɗauka, mai lissafin kibiya 6 ma da ya ji haka ya aje biro. Mun daɗe muna kukan ɗalibanmu ba su karanta tambayar jarrabawa da natsuwa. A ganina ba natsuwar suka rasa ba, dalilinta suka rasa, domin a nan kowa ya san in ya tsallake kalma jaruminsa na iya mutuwa.

Ita dai wannan yarinya, wadda kakanta maharbi ne, ta dawo mako na gaba da wani ƙorafi. Tsohon ya yi dariya da ta ba shi labari, ya ce ƙarfin tsarkiya ɗaya ne, in ka raba shi ga kibiya biyu babu wadda za ta yi nisa. Gaskiyarsa. Sai dai da muka koma ga littafin, muka ga kamar masu tsara dokar sun san da haka, in ba haka ba me ya sa suka ɗaure harbin da mita 9, alhali dogon baka a wasan yana kaiwa nesa ƙwarai?

Daga baya masu yin wasanni sun sake tunani. A 2009 kamfanin Paizo ya fitar da Pathfinder, wanda ya gina kan dokokin 3.5, ya maida Tagwayen Kibau cikin aiki cikakke: harbin farko kaɗai ke ɗaukar kibiya biyu, ba tare da ragin maki 4 ba. A can jarumin yaron nan zai sami kibiya 4, ba 6 ba. Bugu na biyar na Dungeons & Dragons, na 2014, ya sassauta ta wani gefe, ya yarda jarumi ya yi tafiya tsakanin harbi da harbi. Amma tsohuwar gardamar ta biyo shi da sabuwar riga: mafarauci na samun harbi biyu a mataki na 5, a mataki na 11 kuma yana iya koyon ruwan kibau a kan duk waɗanda ke cikin mita 3 daga wuri guda, sai dai ruwan kibau aiki ne mai cin gashin kansa, ba ya haɗuwa da harbi biyun.

Ni kam tsohuwar doka na fi so, ko da yake na san dalilin masu son sabuwa, wato yaro ya sha wahalar koyon abu biyu, ya kamata ya ci moriyarsu tare. A Pathfinder ɗan baka gwani kusan kullum abu ɗaya yake yi, ya tsaya ya zazzage kwari. A bugun 2003 dole ya ɗaga kai ya dubi fagen, ya auna nisan dodo, ya tuna abokinsa mai rauni da ke kwance kusa da rijiya. Yaran sun nemi mu koma sabuwar doka, muka jefa ƙuri'a, huɗu suka rinjayi uku aka zauna kan tsohuwa har ƙarshen shekarar karatu. Mai lissafin kibiya 6 yana cikin ukun, ya kuma ce zai sake kawo maganar in an koma hutu.