Takardar Kakana da Filin Shekara Hamsin

Kwanakin baya wani ƙanena a wannan ƙungiya tamu ta marubuta ya aiko mini da wasiƙa, yana cewa ya samu aiki a Kumasi ta ƙasar Gana, yana shirin kwasar iyalinsa ya koma can, har ma ya fara tunanin sayar da filinsa na gado domin ya sayi gida da zarar ya sauka. Ya nemi in ba shi shawara tunda na riga shi kwana a garin. Na ɗauki biro zan ba shi amsa a shafi guda, sai na ga maganar ta fi ƙarfin shafi guda, kuma ba shi kaɗai ta shafa ba. Mu marubuta mun saba a littattafanmu mu ɗauki jarumi mu kai shi ƙasar waje, a layi na farko ya sauka daga jirgi, a layi na biyu ya sayi tafkeken gida, a na uku kowa ya san shi a gari. To, ni dai tsakanin layin farko da na biyu shekara biyar na yi, kuma a ciki har da hawaye.

Bari in fara daga kakana, domin shi ya riga ni. Bafatake ne mai fataucin goro, irin waɗanda suka gaji hanyar Gwanja daga iyayensu. Bayan yaƙin basasar da ya rusa kasuwar Salaga a 1892, ciniki ya watse zuwa wasu garuruwa, daga baya Kumasi ta zama matattara, zango ya cika da Hausawa da sauran baƙi daga arewa. A nan kakana ya zauna, ya yi aure, ya gina gida mai ɗaki shida. Ana nan, ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya nema ko ya bar ƙasar cikin mako biyu. Kakana bai taɓa sanin yana bukatar wata takardar zama ba, domin da ya shiga ƙasar babu wanda ya tambaye shi komai. Haka ya hau motar goro da matarsa da 'ya'yansa, ya dawo Kano da akwati biyu da wata takarda da aka rubuta da ajami, wadda ke shaida cewa ya sayi filin gidansa a gaban shaidu uku. Har ya rasu takardar nan tana cikin gafakarsa, yana cewa in ƙura ta lafa zai koma.

Ni na koma a madadinsa, a 2005, lokacin da wata makarantar Islamiyya ta ɗauke ni aikin koyar da Larabci. Na tafi da takardar a aljihu, zuciyata cike da buri. Da na kai ta wurin wani lauya, ya sa na fassara masa ita, ya saurara cikin ladabi, sa'an nan ya ce mini, "Malam, wannan abin tarihi ne, ka adana shi da kyau, amma kada ka kai shi kotu." Ya yi mini bayanin cewa mafi yawan ƙasar Gana ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta ɗaiɗaikun mutane ba ce, tana hannun sarautun gargajiya da dangi ne, suna riƙe da ita amana domin matattu da rayayyu da waɗanda ba a haifa ba. Wanda ya karɓi kuɗin kakana izinin gini kawai ya ba shi. Daɗin daɗawa, sashe na 266 na tsarin mulkin 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba ya mallaki fili mallaka ta har abada. Iyakar abin da za a ba shi haya ce wadda ba ta wuce shekara 50 a lokaci guda ba, kuma dokar filaye ta 2020 ta sake jaddada haka. Wannan shi ne darasi na farko, kuma da na riƙe shi da kyau da ban faɗa ramin da na faɗa ba.

Duk da haka na nemi gidan. Na same shi, an rushe an sake gini, mutanen ciki ba su taɓa jin sunan kakana ba. Ina tsaye a ƙofa kamar wanda aka dasa, sai wata tsohuwa daga gidan da ke kallonsa ta aiko yaro ya kira ni. Ba Bahaushiya ba ce, 'yar Asante ce, mutanen da kakanninmu ke kira Tonawa, amma tana jin Hausar zango. Da na faɗi sunan kakata sai ta dafe ƙirji ta ce, "Mai koko! Shi ne ya karɓi haihuwar ɗana na fari." Ta zaunar da ni, ta sa aka kawo ruwa, ta yi ta tambayata su wane da wane, wa ya mutu wa ya rage. A lokacin ina fama da neman ɗakin haya, domin masu gidaje suna neman kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida. Tsohuwar nan ta kira ɗan nan nata, ta yi masa magana da harshen Twi, kafin magariba na samu ɗaki da falo ina biya wata-wata. Abin da takarda mai shaidu uku ta kasa yi mini, kokon da kakata ta riƙa miƙawa ta kan katanga shekara 36 da suka wuce ya yi mini shi.

Kash, amma ɗan Adam da gaggawa. Ban cika shekara biyu ba sai na fara jin kunyar zaman haya, 'yan uwa a gida suna ta tambaya ko na yi gini. A masallaci na haɗu da wani dillali, Hausa a bakinsa kamar a Kurmi aka haife shi, sahu ɗaya muke tsayawa kullum asuba. Ya kai ni bayan gari ya nuna mini fili mai kyau, ya haɗa ni da wani saurayi da ya ce filin na gidansu ne. Farashin ya yi araha, sidi miliyan 30 na tsohon kuɗi, wato 3,000 bayan canjin kuɗin da aka yi a Yulin 2007, inda aka mayar da sidi 10,000 ya zama sidi ɗaya. Lauyan nan ya ce in dakata a bincika, na ce ai mutumin masallaci ba zai cuce ni ba. Na biya, aka ba ni rasit da wata taswira, na sa aka haƙa harsashi aka jera bulo har ya kai gwiwa. Wata Asabar na je da magina, sai na tarar an rubuta da jan fenti a jikin bulon cewa a dakatar da aiki, ga wasu ƙarti uku zaune a kan yashina. Su ne 'yan ta-kifen da masu rigimar fili ke haya su tsare musu wuri, waɗanda sai a 2019 aka yi dokar da ta haramta sana'arsu ƙarara.

Ashe filin na dangi ne, kuma a al'adar Asante dangi ta wajen uwa ake lissafa shi. Babu mai ikon ba da filin dangi sai shugaban dangin tare da yardar manyansa. Saurayin da ya karɓi kuɗina ɗa ne ga wani namiji a gidan, wato a lissafinsu shi ɗan dangin uwarsa ne, ba shi da ko taku ɗaya a wurin. Ni kuwa na auna shi da ma'aunin garinmu, na ce ai ɗa shi ke gadon uba. Shugaban dangin ya riga ya ba wani mutum filin tun shekara biyu kafin zuwana. Saurayi ya ɓace, dillali ya ce shi ma yaudararsa aka yi, Allah Shi ne masani. Kuɗin da na tara na shekara biyu, haɗe da na sarƙar matata, suka tafi. Daren nan ban runtsa ba, abin da ya fi ci mini rai shi ne na ga na maimaita kuskuren kakana, ni da na yi boko har na je wurin lauya.

Sai a 2010 na sake gwadawa, wannan karon da tafiyar hawainiya. Na fara da sanin wane ne ainihin mai ikon filin, na je gabansa da kaina tare da dattawan zango biyu, domin da ɗan gari akan ci gari. Na ɗauki safiyo mai lasisi ya auna ya fitar da taswira, na kai ta Hukumar Filaye aka bincika ko an taɓa rubuta wurin da sunan wani. Da yake filin sarauta ne, takardar da sarkin yankin ya ba ni sai da aka kai ta ofishin filaye na Asantehene a Manhyia aka tabbatar da ita. Kuɗin da ake ba sarki suna kiransa kuɗin abin sha, domin asali kwalbar giya ake kai wa. Abin ya dame ni, na tambayi dattawan, suka ce sarakunan sun daɗe da sanin Musulmi, kuɗi ake sa wa a ambulan a miƙa da hannun dama ta hannun mai magana da yawun sarki, babu wanda zai ce in ɗauko kwalba. Lauya ya tabbatar an rubuta sharaɗin sabunta hayar idan wa'adi ya cika, aka kuma sanar da ni kuɗin ƙasa da zan riƙa biya duk shekara. Wata goma sha ɗaya aka yi ana wannan zirga-zirga kafin in aza bulo ɗaya. Takardata za ta ƙare a 2060.

To, takarda rabin zama ce, ɗaya rabin yana wurin mutane, kuma a nan ma sai da na sha gyara. Hausar Gana ba ta rarrabe namiji da mace, za ka ji mutum ya ce "matata ya zo" ko a jikinsa. Farkon zuwana sai in riƙa dariya ina gyara wa yara, har wata rana na gyara wa wani dattijo a bainar jama'a. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka zo ka zauna da mu ne ko ka zo ka koya mana magana?" Kunya ta rufe ni. Daga ranar na daina gyara, na fara koyon Twi, na koyi gaisuwa daga dama zuwa hagu idan na shiga taro, na koyi zuwa ta'aziyyar maƙwabta ranar Asabar, in zauna cikin masu baƙaƙe da jajayen tufafi, in ba da gudummawata a rubuta, ba tare da na taɓa abin da addinina ya hana ba. Na kuma ga abin koyi a wurin babban limamin ƙasar, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda a 2019 ya ziyarci wata majami'ar Katolika a Ankara lokacin bikin cikarsa shekara 100.

Wani abin da zan gaya wa ƙanena shi ne kada ya jingina da cewa ai duk Afirka ta Yamma ɗaya ce. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ka damar shiga ba biza ka yi kwana 90, bayan nan sai ka nemi izinin zama, kuma izinin zama daban, izinin aiki ko kasuwanci daban. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a kasuwa, ta kuma ɗora wa baƙon da ke son harkar saye da sayarwa jarin dala miliyan ɗaya. A kan haka aka rurrufe shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020. Ina cikin ɓacin rai a kan wannan, na tayar da maganar 1969 a gaban wani maƙwabcina tsohon malamin makaranta. Ya bar ni na gama, sa'an nan ya ce shi ma yana cikin 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya da gwamnatin Shagari ta kora a Janairun 1983, ya bar albashin wata uku da keken ɗinkin matarsa a Nijeriya. Muka yi shiru mu biyu. Kowace ƙasa, idan tattalin arzikinta ya matse, baƙo take fara kallo, kuma tamu ba ta fi ta kowa tsarki ba.

Saboda haka, ƙanena, ga amsar wasiƙarka. Kada ka sayar da filinka na gado, domin wanda zai yi zaman baƙunci ya kamata ya bar wa kansa ƙofar komawa. Ka yi zaman haya na shekara biyu ko uku, ka ga damina ka ga rani, ka san unguwar da ruwa ke ci da wadda rigima ke ci. Ka gyara takardunka na zama da na iyalinka kafin ka yi maganar fili, kada ka bar su su ƙare ko da kwana ɗaya. Idan lokacin saye ya zo, kada Hausar dillali ko goshinsa su sa ka tsallake bincike, araha kuwa ka ji tsoronta. Ka sa a ranka cewa shekaru ka saya, ba ƙasa ba. Sa'an nan ka bar matarka ta miƙa wa maƙwabta abinci ta kan katanga, ba ka san jikan da zai ci moriyarsa ba.

Ku kuma 'yan uwa marubuta, idan za ku sake kai jarumi ƙasar waje, don Allah ku bar shi ya ɗan sha wahalar neman ɗaki, ya yi kuskuren gaisuwa, ya tsaya a layin ofis. Akwai matasa da yawa da daga littattafanmu suke fara ganin duniya, suna kuma gaskata mu. Takardar kakana tana nan a wurina, na haɗa ta da tawa a jaka guda, na kuma gaya wa babban ɗana ranar da ya kamata ya fara neman sabuntawa, tunda da wuya in kai lokacin. Allah Ya sa mu gama da duniya lafiya, Ya tsare baƙo a duk inda yake, amin.