Kan Sarkin Fam 25 da Takardun da ke Cikin Adakar Kakanninmu

Yaranmu na yanzu, in ka ce musu "kan sarki" sai su tsaya suna kallonka, don sun tashi sun tarar da waya a aljihun kowa. Mu kuwa mun san shi: 'yar takardar nan da ake lasa a manna a jikin ambulan a gidan waya. Sunan ma daga hoton da ke jikinta ya samo asali, don kan sarkin Ingila ake bugawa a kai.

Arewa ta taɓa samun nata kan sarkin na kanta. Daga 1900 zuwa 1914, kafin a haɗe Kudu da Arewa, ana buga shi a Landan da sunan Nijeriya ta Arewa. Na farkon ma kan sarauniya ne, Biktoriya. Akwai na ɗari, na kwabo, na sisi, na sule, har na sule goma.

A 1904, shekara ɗaya bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato, aka fito da wani na fam 25, kore da ja, da kan Sarki Edward na Bakwai. Ku yi lissafi: fam 25 sule 500 ke nan, ko kwabo 6,000. Wace irin wasiƙa ce za ta ci wannan kuɗi? Ai babu. An yi shi ne don biyan kuɗin lasisin barasa, a ƙasar da akasarin mutanenta ba sa sha. Masu bukatarsa ba su da yawa, waɗanda suka rage a duniya kaɗan ne, shi ya sa yau masu tara kan sarki ke sayen guda ɗaya a kan dubun-dubatar fam.

Irin wannan ba a Arewa aka fara ba. A 1873 wani yaro ɗan shekara 12 ya tsinci wani kan sarki na 1856 cikin tsofaffin takardun gidansu a ƙasar Gayana, ya sayar da shi sule shida. A 2014 an yi gwanjonsa a Amurka a kan sama da dala miliyan tara.

To, kada jin wannan ya sa a ruga a fasa adakar tsohuwa. Da wuya a samu na fam 25 a unguwarmu, don kakanninmu goro da gishiri da shanu suka sani, ba lasisin barasa ba. Duk wanda ya zo muku da wani wai shi ne, ku ba da kuɗi ku ci riba, ku ce masa a kai kasuwa.

Amma fa adakar ba fanko ba ce. Mu nan zuwa muka yi. Wasu daga Kano, wasu daga Katsina, Haɗeja ko Damagaram, kasuwa ta jawo su Potiskum, suka zauna cikin Ngizim da Karekare da Bolewa, aka yi maƙwabtaka, aka yi auratayya. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abin da ya hana gida barin su wasiƙa ce: ta ajami, ta boko, ta sanar da haihuwa, ta ta'aziyya, ta neman a aiko da kuɗin taki. A jikin kowace ambulan akwai hatimin gidan waya da sunan gari da kwanan wata. Haka takardar cinikin fili ko gida, da ake manna mata kan sarki a sa hannu a kansa.

Waɗannan su ne shaidarmu. Ran da jika ya tambaya yaushe muka zo, ko gardama ta tashi a kan gidan gado bayan shaidu duk sun kwanta dama, takardar nan ce za ta yi magana. Ga shi kuma gara na ci, damina na jiƙawa, kowace rasuwa sai an share ɗaki an watsar da wasu.

Don haka in kun samu, kada ku ɓare kan sarkin daga ambulan, ko masu saye sun fi son sa da hatiminsa. Ku sa su a gwangwani mai murfi, nesa da danshi, ku ɗauki hotonsu da waya. Ta ajami kuma ku kai wa malamin unguwa ya karanta muku, a zauna da yara su ji, tun dattawan da suka san sunayen da ke ciki suna raye.