Wane Aji Take?

Da hunturun bara Yaya Binta ta kira ni bayan sallar isha'i. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta ce, "Auta, abin nan naka ya ƙi karɓar Hauwa."

Abin nan nawa wata 'yar manhaja ce da nake rubutawa da daddare idan na taso daga aiki, don yaran firamare su riƙa gwada karatu da lissafi a waya ba tare da data ba. Na saki rubutunta a fili a intanet, duk mai so ya ɗauka, ya gyara, ya ƙara, kyauta. Malamai kaɗan a Dutse da Kiyawa suna amfani da ita, ni kuwa har kaina ya fara girma.

Hauwa shekararta tara, kuma tana da sikila. Da zarar sanyi ya sauko kan duwatsun garin nan, ciwon ƙashi sai ya taso, ta yi sati uku, wani lokaci wata biyu, ba ta leƙa makaranta ba. Daga ƙarshe babanta ya ce a bar ta a gida har a ga abin da hali ya yi. Yaya tana da NCE ɗinta a ajiye cikin akwati, sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta fara koya mata. Kafin wata guda yaran maƙwabta biyu sun shigo, sai kuma Sani, almajirin da ke yi musu aike.

Shafin farko na manhajar yana neman abu uku: sunan makaranta, sunan malami, da aji. Idan ba a cike su ba, ba a wucewa. Da hannuna na rubuta wannan sharaɗin. Na ce, "Yaya, ki sa ko wane suna mana, ba mai dubawa."

Ta ce, "Ƙarya za ka sa ni ke nan? To wane aji take? A karatu ta wuce 'yan aji biyar, a lissafi ba ta kai aji uku ba. Shi kuma Sani izu goma ne a kansa, amma bai san baƙin boko ko ɗaya ba. Wane aji zan sa shi?"

Ranar na daɗe ban yi barci ba. Na buɗe tsarin ma'ajiyar bayanan na zuba masa ido. Ɗalibi rataye yake a jikin aji, aji rataye a jikin makaranta. Wato a duniyar da na gina, yaron da ba shi da makaranta babu shi gaba ɗaya. Ban zauna na yanke wannan shawarar ba, haka kawai na taso na ga ana zana shi tun muna jami'a. Abin kunyar shi ne ni kaina a zaure na fara karatu da allo, inda kowa yake kan nasa darasin ba ruwansa da na kusa da shi. Tun ƙarni na 19 ma Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, jajis suna kai wa mata karatu har cikin gidajensu.

Na leƙa yadda wasu suka yi. Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta Amurka ke kula da ita, tana aiki ba intanet, kuma tun wajen girkawa take tambaya ko kai kaɗai ne ko ƙungiya ce. GCompris, da wani Bafaranshe mai suna Bruno Coudoin ya fara a 2000, ba ta tambayar makaranta sam. Taurari ne ke nuna wahalar kowane wasa. Na ƙaru da su sosai. Sai dai karatun gida a Amurka yawanci zaɓin iyaye ne, namu kuwa lalura ce. A gidan Yaya waya ɗaya ce mai shafawa, ta maigida, ba ta dawowa sai bayan magariba, da ɗan ragowar caji. Yara huɗu ne za su yi layi a kanta, babu mai imel a cikinsu.

Sati uku na yi ina warware abin. Na raba ɗalibi da aji, na sa kowane darasi ya zama da matakinsa daban, na ba kowane yaro hoton dabba maimakon kalmar sirri. Wani da ke taya ni aikin daga nesa ya yi ƙorafin cewa rahoton ƙarshen zango zai lalace. Gaskiyarsa, ya lalace, kuma har yau ban gama ɗinke shi ba.

Hauwa ta zaɓi raƙumi, Sani ya zaɓi zakara.

Makon jiya Yaya ta sake kira. Akwai wani ɗan lissafi da na sa mai ƙirga kwanakin da yaro ya jera yana karatu, idan ya tsallake rana ɗaya sai ya koma sifili. Hauwa ta jera kwana goma sha tara, aka kwantar da ita a asibiti kwana huɗu, da ta dawo ta tarar da sifili, ta kife wayar ta juya wa bango fuska.

"Auta, wa ya ce maka ta ƙi karatu ne?"

Na ce ta ba ni zuwa Juma'a.