Ziyara a Sadore, inda ake yi ma magarya aure

Ƴan uwa manoma, kowa ya san magarya. Yara na tsintar ɗiyanta, mata na daka su su yi akkuri, awaki na cin ganyenta, mu kuwa muna sare ta mu yi shinge. Amma abin da na gani a Sadore ya sa na daina raina ta.

Mun tashi daga Yamai da sassafe cikin watan Disamba, sanyi na busawa. Muka ƙetare kogin Kwara bisa gadar Kennedy, muka kama hanyar Sayi. Bayan tafiyar kilomita kamar 40 muka iso Sadore, inda cibiyar binciken noma ta ICRISAT take. Ƙasar wurin jigawa ce, irin wadda muke noman hatsi a Maraɗi da Damagaram.

Cikin garka na tarar da magarya layi-layi, rassanta sun sunkuya don nauyi. Ɗiyan sun kusa ƙwan kaza girma, ga ruwa, ga zaƙi. Asalin wannan iri daga Indiya yake. Wani masani, Dov Pasternak, shi ne ya yi ƙoƙarin yaɗa shi a ƙasarmu cikin farkon shekarun 2000. Da faransanci ana ce da shi "pomme du Sahel".

Na tambayi wani ma'aikacin garka ko zan iya shibka ƙwallon a gida. Ya yi dariya ya ce: "Malam, ƙwallo ba ya riƙe halin uwarsa. Sai an yi aure."

Ga yadda ake yi. A fasa ƙwallon magaryar daji a hankali, a fidda ƙwayar ciki, a shibka cikin leda mai taki da rairayi. In tsiron ya yi kaurin fensir, sai a yanke kansa, a tsaga, a fiƙe ɗan reshen iri mai kyau a sa ciki, a ɗaure da leda sosai. Duk tohon da ya fito ƙarƙashin ɗaurin, a cire shi, don kada ya shanye ƙarfin amarya.

Mai magarya cikin gonarsa ma ba ya bukatar reno. Da bazara, sa'ad da ta zubar da ganye, sai a sassabe ta. In sabon toho ya fito da damana, a yi masa aure. Saiwar ta daɗe cikin ƙasa, ta saba da fari, don haka ba a jimawa ake ganin fure da ɗiya.

Sai dai akwai aiki. Awaki ba su barin ɗanyen toho, dole a kewaye shi. Tsutsa na shiga ɗiyan, kuma ba su jure ajiya kamar na daji, sai a kai su kasuwa da wuri.

Da muke komawa, na riƙa ganin magarya bakin hanya, an datse ta, ba mai kula. Jama'a, kafin ku ɗora mata gatari bana, ku je ku ga ma'aikacin gandun daji na yankinku, ku tambaye shi inda ake samun reshen aure.